Sun Kankare Bangon Odessa Ina Kwance a Asibiti

Anti Opal, don girman Allah ki ba ni shawara, kaina ya kulle. Ban taɓa rubuto wa jarida ba. Matata ce take karanta filinki da ƙarfi a kicin, ni kuwa ina cin wakena da burodin masara ina yi kamar ba na saurare. To yau ga ni a ƙofarki.

Ni tsohon mahaƙin kwal ne a tsaunukan gabashin jihar Kentaki ta Amurka, na ba saba'in baya. Matata Odessa ta rasu bara da kaka. A bayan gidanmu akwai tsohon bangon dutse da kakanta ya jera don tare gangare, ba laka ba siminti. A tsagoginsa wani ɗan tsiro ke fitowa, irin wanda ba ya fure, ganyensa jere kamar haƙoran matsefi, karansa siriri mai duhu yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Baƙin-kara take ce masa. Ba ita ta shuka ba, tarar da shi ta yi, amma tun muna amarci take hidimarsa. Ta tsince masa busasshen ganye, ta tumɓuke duk abin da ke neman danne shi, ta hana ni sare bishiyar da ke masa inuwa. In ƙanƙara ta rufe ko'ina, shi za ki gani shar a jikin dutse. Nakan tsokane ta in ce ta fi son ciyawar nan da ni, ta ce ai ita ciyawar ba ta munshari.

Watan jiya na zame a matakalar baya, gwiwata ta tashi aiki. Na daɗe yashe a ƙasa kafin mai raba wasiƙu ya ji ihuna. Aka yi mini aiki, aka sa ƙarfe. Ranar da 'yata Ronda ta dawo da ni gida, na dogara sanda na zagaya baya in duba bangon. Anti Opal, sandar ce ta hana ni faɗuwa. Fari fat! Mijinta Garland ya aro injin fesa ruwa ya kankare shi tas, ya bi tsagogin ya toshe da siminti. Ko ganye ɗaya babu. Ga shi tsaye hannu a ƙugu yana washe baki, wai, "Baba, ka ga ya koma sabo? Ciyawa ce ta so ta cinye shi." Ko ranar da ramin kwal ya rufta a bayanmu ban ji jikina ya mutu haka ba.

Na ce a raina rashin sani ne, in haɗiye. Ashe da sauran kallo. Ran Lahadi muna fitowa daga coci, maƙwabciyata Misis Takett ta riƙe mini hannu ta ce, "Haba maƙwabci, ashe tashi za ka yi ba ko sallama?" Na ce tashi zuwa ina? Ta ce ai ina asibiti ta ga Ronda da wata dillaliyar gidaje suna zagaya ɗakuna suna ɗaukar hoto. Wato wankin bangon nan kwalliyar kasuwa ce!

Na kira Ronda, ba ta musa ba. Ta ce kuɗin gidan kawai ta so ta ji, don in koma wajensu a birni. Ta fashe da kuka tana cewa, "Baba, da mai wasiƙa bai zo ba fa? Gawarka zan zo in ɗauka?" Ni kuma na ce mata ƙasar kabarin uwarta ba ta gama kwanciya ba ta fara tallan gidanta. Na kashe waya. Tun ranar ba mu yi magana ba, yarinyar da kullum sai ta kira ta tambaye ni ko na sha magani.

Abin da ya rage mini tukunya ɗaya ce da Odessa ta dasa baƙin-kara guda a ciki ta ajiye a baranda. Na shigo da shi ɗaki kusa da murhu, ina ba shi ruwa safe da yamma, har takin tumatir na zuba masa. Amma sai komawa ruwan ɗorawa yake yi. Na kuma ga wasu layuka masu ruwan ƙasa a bayan dogayen ganyen, na ce cuta ce, na bi na yanke su. Suna nan cikin kofin shayinta, na kasa zubarwa. Mutuwa zai yi? Ga bikin godiya da iyali ke haɗuwa duk shekara ya matso, Garland ya aiko wai sun sayi talotalo, in zo. Da wane ido zan kalle su?

Mai Gwiwar Ƙarfe

Mai Gwiwar Ƙarfe, sannu da jiki, sannu kuma da rashi. Bari mu fara da tukunyar, don ita ce ba za ta jira ba.

Ajiye butar nan. Tsiron da ya saba da tsagar dutse ba ya son jiƙo, ba ya son taki, ba ya son zafin murhu, kai kuma ka haɗa masa duka ukun. Mayar da shi baranda, inda haske ke zuwa amma rana ba ta dukansa. Sauya masa ƙasa: tsakuwa da yashi da ɗan ruɓaɓɓen ganye, tukunyar kuma ta zama mai huji a ƙasa. Kada ka ba shi ruwa sai ka tsoma yatsa ka ji saman ya sha iska. Dogayen ganyen sukan bushe in sanyi ya shigo, gajerun da ke kwance su ne masu zama kore. In tsakiyarsa bai ruɓe ba, yana da rai.

Layukan da ka gani ba cuta ba ce, irinsa ne. Da ƙurar da ke cikinsu yake yaɗuwa tunda ba ya fure. Kada ka zubar da abin da ke cikin kofin.

Garland ya yi ɓarna, har fiye da yadda ka zata. Bangon da ke tare gangare ta tsagogin nan yake fitar da ruwa, in an toshe su ruwan zai taru a baya ya tura shi. Dole a fasa simintin, kuma wanda ya liƙa shi ya kamata ya zo da guduma. In ya buɗe, ku cusa ɗan ruɓaɓɓen ganye a tsagogin da ke inuwa, ku karkaɗe busassun ganyen a kai. Ba na yi maka alkawari. Yana iya ɗaukar shekara ko fiye, yana iya ƙin fitowa.

Ronda ta yi kuskure babba. Gidanka ne, hankalinka garau, ba a shigo da dillali kana kwance. Faɗa mata haka sau ɗaya, ba ihu, ka ce kada a sake. Amma ka auna nata ɓangaren. Ta binne uwa bara, bana aka kira ta an tsinci uba a ƙasa. Ban ga kwaɗayi a maganarta ba, tsoro na gani. Kalmar da ka jefa mata kuwa ta yi nauyi, kai za ka fara janye ta.

In kana son zama a gidanka, sai ka rage mata fargaba. A kafa ƙarfen dafawa a matakala, ka rataya na'urar kiran agaji a wuya, ka ba Misis Takett makulli, ka kuma yarda cewa in ka sake faɗuwa za ku zauna ku sake lale tare.

Ka kira ta kafin ranar biki, kada ku fara wannan magana a gaban jikoki da abinci. Sannan ka je ka ci talotalonka. Allah ya ƙara sauƙi, ya jiƙan Odessa, ya daidaita tsakaninka da 'yarka.

Anti Opal