Ranar da Aka Kulle Sjoerd a Ɗakin Gwaji

Mama,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar taki da wannan sanyi? Kada hankalinki ya tashi, ina asibiti, an ɗaure min muƙamuƙi, shi ya sa ban kira ki ba.

Kin san aikina a cibiyar nazarin halayyar ɗan'adam, wajen Farfesa Veldkamp mai binciken fushi. Akan kawo mutum a ce masa gwajin ƙwaƙwalwa ne, ni kuma in zauna kamar abokin gwajinsa, ina tsokanarsa da abin da take raɗa min ta na'urar kunne.

Ranar Talata aka kawo Sjoerd, wani dattijo direban bas. Na kira shi daƙiƙi, ya yi dariya. Da abin ya ishe shi ya ce ya fasa, zai tafi, sai ya tarar ƙofa a kulle. Ya roƙa, ba a buɗe ba. Nan Farfesa ta ba ni wata magana, na maimaita: "Ai shi ya sa Lieke ta nutse kana tsaye."

Ya sauke min kujera a fuska. Ya durƙusa a ƙirjina yana duka yana kuka, haƙorana biyu a ƙasa, jini har bango. Sai da masu gadi suka karya masa hannu sannan ya sake ni.

Ɗanki,
Hidde

Mama,

Ina gaishe ki. Miyar wake ta iso, na gode, da tsinken roba nake zuƙarta.

Ashe Lieke 'yar Sjoerd ce da ruwa ya ci. Shi ya ba Farfesa labarin a hirarsu ta farko, bayan ta yi masa alkawarin sirri. Farfesa ta zo duba ni da furanni, tana so in ce bai taɓa neman fita ba. Na juya mata baya.

Jiya aka shiga kotu, na faɗi komai a rubuce. An dakatar da binciken, an sallami Sjoerd, amma aikinsa ya tafi, ni kuma kunnena na hagu ya mutu.

Da za a fita ya tsaya gabana, hannunsa a ɗaure. Na zaci haƙuri zai ba ni. Ya ce, "Yaro, wa ya gaya maka sunan 'yata?"

Na nuna masa Farfesa da yatsa. Ya daɗe yana kallonta, ta kasa ɗago kai.

Ki gaishe min da Inna Geertje. Ina nan tafe ranar Asabar.

Ɗanki mai ƙaunarki,
Hidde