Gwiwar Malam Isa Ta Taɓa Ƙasa

Daren Laraba, Sabon Gari, Wudil

Ƙuguna ciwo yake, amma ba shi ya hana ni barci ba.

Yau na je wajen Malam Isa, tsohon sojan nan da ya ajiye kaki bayan an miƙa mulki ga farar hula. Yana koyar da kare kai, ya gauraya dambe da kokawa da karet ɗin da ya koyo a bariki. Ni da na shekara goma ina dambe, na ɗauka dafa-duka ce kawai.

Muka gwada. Na kai masa hannu, gwiwarsa ta taɓa ƙasa. A dambe an yi kisa ke nan, sai na ɗaga hannu ina jiran kalangu. Kafin in ankara ya kwashe ƙafafuna.

Ya ce, "Garba, wa ya ce maka an gama? Ɓarawo bai san dokar fage ba."

Na ce, "To Malam, wanne ya fi a cikin ukun, dambe, kokawa ko karet?"

Ya ce, "Wanda ya mai da kai gida wajen iyalinka. Ko da gudu ne."

Gudu! Ni da makaɗa suka yi wa kirari? Amma tun ɗazu nake kallon 'yata Hadiza tana barci, kuma na kasa ƙaryata shi.