Gayyar da Ba Mu Yi Maka Ba

Zuwa ga taubashina Lawali,

Assalamu alaikum, mai manyan kunnuwa. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya kai haske kabarinka, na san sarai wannan takarda ba za ta iske ka ba. Ko kana raye ma ba karantawa za ka yi ba, cewa za ka yi kaza ce ta yi tonon ƙasa a kan takarda. Amma magana ta cika mini ciki, kuma duk faɗin Madarumfa ba ni da wanda zan zaga ya rama in ba kai ba. To ka saurara, tunda yanzu ba ka da bakin katse ni.

Mutanen gida lafiya lau. Matarka Rakiya tana nan tana fama da ɗan lambunta na bakin tafki. Ruwa ya sauka, shuka ta fito, haki ma ya fito har ya fi ta kai. Gwiwata ta hagu, wadda ka ce da gangan na karya ta don in huta da gudu, ta ƙara lalacewa. Amma ba wannan ya sa na zauna rubutu ba. Maganar 'Yan Gawo ce, ƙungiyar ƙwallon da ka kafa. Lawali, saura ƙiris aka soke sunanta daga gasar jiha, kuma har yanzu ban sani ba ko mun cece ta ko dai jana'izarta muka ɗaga.

Ka tuna yadda aka fara? Ka faɗi jarrabawa a lakwal, makarantar boko can Maraɗi, ka dawo gida ba takardar shaida, sai wata tsohuwar balo, ƙwallon fata da aka ɗinke da zaren kamun kifi. Muka share fili ƙarƙashin gawunan nan na gefen tafki, muka kafa itace huɗu. Kai ka raɗa mana suna, ka ce gawo da rani yake ganye, mu ma da rani za mu riƙa yin kyau. Ni ka sa ni tsaron raga, wai don ba ni da wani amfani sai tsayuwa. A amalanken jaki muke zuwa Safo da Gabi, mu ci, a ci mu, mu dawo da ƙura har cikin kunne.

Abin da ya hana mu zama ƙungiya ta gaske shi ne ci-rani. Da an gama girbi sai samari su ɗaure kaya su tsallaka Najeriya, a bar ka da balo a hammata. Kuma ba laifinsu ba ne, uba ba zai bar ɗansa yana harbin fata ba alhali rumbu bai cika ba. Nan ka fito da dabarar da na yi shekaru ina yi mata dariya. Ka ce duk wanda ke son riga da rani, sai ya ɗauki hauya da damina. Ƙungiya gaba ɗaya za ta yi gayya a gonar uban kowane ɗan wasa, yau nan, gobe can, noman farko da maimai. Gona ta samu noma a kan kari, hatsi ya yi kyau, uba ya saki ɗansa da rani. Na ce maka wannan ba ƙungiyar ƙwallo ba ce, ƙungiyar 'yan ƙodago ce. Ka ce mini in rufe baki in kama kunya ta gaba.

Da wannan hauyar muka shiga gasar jiha. Mun daɗe a ƙaramin rukuni muna hawa muna zamewa, kafin mu samu gindin zama a babba. Ka tuna 'yan birni a sitad, babban filin wasa na Maraɗi, yadda suke toshe hanci in mun fito, wai muna warin kifi? Amma a rabin lokaci na biyu su ne ke riƙe ƙugu suna haki, yaranmu kuwa ko a jikinsu, don wanda ya yi damina a duƙe ba ya gajiya da gudu. Mun kai wasan ƙarshe, aka ci mu da bugun fenariti, ka dawo ka kwana biyu ba ka yi wa kowa magana ba. Kofin jiha dai har ka koma ga Allah hannunka bai taɓa shi ba.

Bayan rasuwarka wani alhaji mai sayar da taya a Maraɗi ya zo ya ce zai riƙe ƙungiya. Ba mugun mutum ba ne, kada ka ce na ɓata shi. Ya kawo riguna sababbi, ya kawo takalma, ya ba mu mota. Da aka yi masa bayanin gayya sai ya yi dariya, ya ce ɗan ƙwallo ƙafarsa ce jarinsa, ba za a kai ta gona ƙaya ta soke ta ba. Ya ɗauko 'yan wasa daga birni da ƙetare, ya kama musu gida. Yaran garinmu suka koma benci, daga benci suka koma tasha.

Ba zan ɓoye maka ba, mun ci kofin. Mun hau gasar ƙasa, mun je Tawa, mun je Damagaram, an faɗi sunan Madarumfa a rediyo. Ranar da aka shigo da kofin gari na yi rawa da gurguwar gwiwata har hulata ta faɗi. Da na sunkuya ɗaukarta sai na duba bayan motar, cikin masu ɗaga kofin ban ga ɗan da zan iya faɗin sunan kakansa ba. Na so in ji haushi, amma daɗi ya fi ƙarfina. Kai fa, da kana nan, da ka yi rawar ko da ka tafi gida?

Zanen aro ba ya rufe katara. Da iyakar Najeriya ta rufe, kasuwar Alhaji ta tsaya, ya ce ba zai iya ba, kuma gaskiya ya faɗa. Baƙin nan suka watse ɗaya bayan ɗaya, wasu ko sallama babu. Muka faɗo daga gasar ƙasa, muka dawo ta jiha, nan ma muka yi ta gangara. Sai aka tuna da ni. Aka miƙo mini usur ɗinka da buhun riguna aka ce Isuhu, kai ka san yadda marigayi yake yi. Ni da ka ce ba ni da amfani sai tsayuwa.

Cikin yaran gari da suka rage, ɗanka Haruna ne ginshiƙi. Ya girma, Lawali. Ya ɗauko kunnuwanka, Allah Ya sawwaƙe masa, amma ƙafar hagunsa ta fi taka nesa ba kusa ba. Shi ke bin yara gida-gida yana tattaro su, shi ke ɗinke balo, shi ke zuba toka a layin fili. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Bana gasar ta ja har ta shigo damina. Sau biyu muna kasa fitar da mutum bakwai, alƙalin wasa ya jira ya gaji ya busa, aka rubuta mana forfe, aka ba abokan karawa nasara ba a taɓa balo ba. Doka ta ce in aka yi na uku an soke ƙungiya. Wasa ɗaya ya rage mana, ranar Lahadi, a filinmu. Da na ƙirga masu lasisin wasa da ke cikin gari, har da Haruna, bakwai ne cif.

Na so in samu ko mutum ɗaya na ƙari, sai na tafi wurin Malam Idi na hanyar Safo, wanda ɗansa Sale ke buga mana baya kafin uban ya hana shi. Na iske shi a gona. Ya bar ni na gama roƙona tsaf, sannan ya jingina da hauyarsa ya tambaye ni, tun da aka binne Lawali, hauyar wa ta shigo gonar nan? Ya ce a zamaninka shi da kansa yake kai babban ɗansa fili a kan jaki. Ya ce in gaida mutanen gari. Na juyo na kama hanyar gida, don bai faɗi ƙarya ba.

Ina isowa gida na tarar da Haruna a zaure yana jirana. Ya gaishe ni, ya sunkuyar da kai, ya ce Kawu, zan wuce Katsina, wani abokina ya samar mini aikin lodi. Raina ya ɓaci. Na ce wane ɗan halas ne ke tafiya ci-rani ana tsakar damina? Na ce sunan ubansa ne za a soke, ba nawa ba. Na faɗi maganganu, ka san bakina. Da na yi shiru sai ya ce in ba zan damu ba, in zo in ga rumbunsu.

Na je na gani. Lawali, ko damin gero ɗaya babu. Daga nan na wuce gonarka ta bayan tafki. Wallahi sai da na nemi kunyoyin da ido, haki ya shanye su. Damina biyu ke nan yaron yana raba kansa tsakanin fili da gona, gonar ce kullum ke jira. Rakiya da kuɗin tumatir take ciyar da gidan, kuma ba ta taɓa buɗe baki ta gaya wa kowa ba.

Ina tsaye a wurin na tuna wani abu. Duk shekarun da muka yi muna gayya, ba mu taɓa shiga gonar nan ba. Kai ka hana. Ka ce gayya ta uban ɗan wasa ce, kai kuwa ba ka da ɗa a fili, kada a ce ka kafa ƙungiya don a yi maka noma kyauta. Mu gama ta mutane, kai ka koma taka da la'asar kai kaɗai. Ka ce ranar da Haruna ya sa riga za ka karɓi taka gayyar da riba. To Haruna ya sa riga, kai ba ka nan, gayyar ma ba ta nan. Wane irin taurin kai ne wannan, Lawali? Kuma mu wane irin mutane ne da babu wanda ya tuna?

Ban sake yi wa yaron maganar Lahadi ba. Washegari na ɗauki hauya na shiga gonarka. Kada ka yi dariya, kunya ɗaya nake yi in zauna in riƙe gwiwa. Da hantsi biyu daga cikin tsofaffin 'yan wasanka suka hango ni daga hanya, yanzu duk sun yi tumbi da furfura, suka koma gida suka dawo da hauyoyi. Mu uku ke nan, gayyar guragu. Haruna ya zo ya tsaya a bakin gona ya daɗe yana kallonmu. Sannan ya karɓi hauyar hannuna ya ce in je inuwa. Da muka tashi ya ce mini Lahadi zai tsaya, Litinin zai wuce.

Mun fita mu bakwai a gaban sha ɗaya. Ba zan gaya maka yawan ƙwallon da aka zura mana ba, ko a kabari ba ka rasa abin gori. Tsorona duk wasan shi ne kada ɗaya ya ji rauni mu koma shida a tsayar da wasa. Akwai yaron da ƙafarsa ta kumbura, ya tsaya a tsakiyar fili yana ɗingishi har aka busa tashi. Mun faɗa ƙaramin rukuni, can inda muka fara. Amma sunan yana nan, ba a soke shi ba. Mutanen da suka zo kallo ba su da yawa, babu wanda ya yi tafi, babu kuma wanda ya tafi kafin a tashi.

Litinin na raka Haruna tasha. Ban hana shi ba, da wane baki? Na so in gaya masa ubansa zai yi alfahari da shi, amma sai na ce masa kawai ya kula da kunnuwansa kada ƙofar mota ta datse su. Ya yi dariya irin taka. Ban san ko zai dawo da rani ba. In bai dawo ba, ban san da wa zan fita fili ba, kuma wannan tunanin yana hana ni sakat.

Haka muka yi da kai ma. Tun muna yara ban taɓa gaya maka magana mai daɗi ba, kai ma haka, wai mu taubasai. To bari in faɗa yau, ko da ba ka ji. Ka iya, Lawali. Kai ka fi mu gani. Kuma ina kewarka, kewa mai tsanani, har ina jin haushinka da ka riga ni tafiya.

Saura labari ɗaya. Jiya ina gonarka ni kaɗai, sauran biyun sun koma nasu aikin, Malam Idi ya wuce a amalankensa. Ya rage tafiya, ya dube ni, ya dubi gonar, ko sannu bai ce ba. Yau da safe ina isowa na tarar da mutum a duƙe a ƙarshen gona, ya riga ya ci kunya da yawa. Sale ne. Ya ce babansa ne ya turo shi. Ban tambaye shi maganar ƙwallo ba, shi ma bai ɗauko ta ba. Da hauya ya zo, ba da takalmi ba, kuma na tuna kai ma ta nan kake farawa.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ka kwanta ka huta, gonarka za ta samu maimai bana in Allah Ya yarda. Gayyar taka ta makara, amma ka karɓe ta haka nan, kuma wannan karon ba ka da ikon hanawa.

Naka har mu iske ku,
Taubashinka Isuhu, mai tsaron raga