Rijiyar da Babu a Taswira

Zuwa ga maigida,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kun isa arewa lafiya, kai da garke, kuma ƙafar bijimin nan ta warke. Mu nan lafiya lau. Malam Rabo na Cadawa ke rubuta mani.

Bayan tafiyarka wasu mutanen buro, wato ofishin gwamnati, suka zo da jandarma guda. Suka shimfiɗa taswirar da Nasara suka zana tun muna yara, duk ta ci a lanƙwasa. Akwai tudu ciki, akwai fadama, har kukar bakin burtali. Amma rugarmu babu, rijiyar da baffanka Gidaɗo ya gina ma babu. Wai tunda takarda ta ce daji ne, za a ba wani attajiri wurin ya noma gyaɗa, mu tashi kafin kaka.

Na ja guga na ba babbansu ruwa, ya sha. Na ce masa wannan daga rijiyar da babu ne. Na ce Nasara sun tafi bana, in ganinsu bai kai gare mu ba, mu muna ganin kanmu.

Suka naɗe taswirarsu suka juya. Amma ba inda za ni. In na tashi, ina shanunka za su sha in kun dawo?

Taka,
Asta

Zuwa ga maigida,

Ina gaishe ka, ina gaida Jaye da sauran makiyaya. Saƙonka ya iso, cewa in koma gidanmu Cadakori kada a taɓa ni. Ka yi haƙuri, wannan karon ban bi maganarka ba.

Na kai ƙara ga maigari. Ƙawata Habsatu da matan ƙauye, da su ma nan suke ɗiban ruwa da rani, suka raka ni. Ya ce zai kai maganar gaba. Har yau shiru, attajirin kuma bai aiko kowa ba.

Amma mutanen buro sun dawo sun kafa turakun siminti huɗu kewaye da rijiya, wai iyaka ce, kada kowa ya taɓa. Ban tumɓuke ba. Turaku ne masu ƙarfi, gara ba ta ci. Maruƙa nake ɗaurewa jikinsu.

Ku taho ta burtali kamar kullum. Kwamin shayar da shanu cike yake.

Taka,
Asta