Furen da Akuya Ta Ƙi Ci

Yamai, ranar Laraba

Zuwa ga maigidana, sanyin idona, Abdoulkarim,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, ciwon ƙirjin nan kuma ya yi sauƙi. Yaya zafin Diffa? Mu nan lafiya lau, sai kewarka.

Ba zan manta ranar da Alhaji Jibo, mai sayar da dashe a Gaweye, ya aiko mini da tukunyar furen nan mai launin shuɗi ba. A littattafan da nake karantawa miji ne ke kawo wa matarsa fure, kai kuwa ba ka taɓa yi ba, shi ya sa na rungume ta. Da ka dawo daga biro, ofishinku na binciken tsirrai, ka gan ta a tsakar gida, ka tumɓuke shukar ka ƙone ta. Kwana biyu ban yi maka magana ba. Ka yafe mini.

A lokacin ban san cewa shukar ce Alhaji yake so ka sa hannu a shigo da ita ƙasar ba. Ka ce sai ta yi damina biyu a cikin kejin gwajinku, domin iri gare ta kamar yashi, kuma akuya ta shinshina ta juya kai. Ka ƙi sa hannu, aka cilla ka Diffa, wani kuma ya sa hannun.

Jiya na je Tondibia, wurin Baba. Maƙwabcin Baba ya sayi dashe uku bara don ƙawata shinge. Yau furen ya haye garkar Baba, ya shaƙe zogale, ya naɗe lemun da Inna ta dasa kafin ta rasu. Baba na sara da adda, baya na tohowa. Hannunsa duk ƙuraje. Bai yi kuka ba, ni na yi masa.

Ba zan ɓoye maka ba, na cika gwangwani da irin, da niyyar watsa shi cikin garkar Alhaji Jibo ya ɗanɗana abin da ya shuka. Har na sa mayafi. Sai na tuna garkarsa a bakin kogi take, kuma ruwa ba ya tambayar gonar wa zai kai. Na juye shi a murhu. Amma zuciyata ba ta huce ba, kuma ba na so ta huce.

Ranar Asabar Alhaji Jibo zai buɗe sabon wurin dashensa, ya gayyaci manya da ƴan rediyo. Na samu littafin gwajinka a ƙasan akwati, an yi mini kwafi hamsin da zan raba a wurin. Baba ya ba ni aron jar akuyarsa, ba za ta ci komai ba tun daren Juma'a. A gaban kowa zan ajiye mata furen Alhaji.

Na san za ka ce in yi haƙuri. Wasiƙar nan ba za ta iske ka ba sai Lahadi. Zan je.

Ka gaishe da masu masaukinka.

Taka har kullum,
Sa'adatu