Na ga ɗinkina a jikin babur ɗin da aka kawo mini gyara

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, yau Laraba, kuma zuwa Juma'a dole in san inda na tsaya.

Ni mai gyaran robar babur ne a wajen Gidan Igwai, nan Sakkwato. Yawancin aikina baburan shiga daji ne, masu dogon ƙafa da taya mai manyan haƙora, waɗanda ƙaya da duwatsu ke ƙarje wa jiki har robar ta yi fari fat. In aka kawo sai in wanke, in bi ta da samfefa da ruwa, daga mai kaushi har zuwa mai laushi, in ɗan hura mata zafi launi ya dawo, sannan in shafa folish. In na gama sai ka ga fuskarka a ciki, ba yabon kai ba. Inda roba ta tsage kuwa ba na sa gam kamar sauran, ɗinke ta nake yi ta ciki da siririyar wayar tagulla, irin ɗinkin ƙwarya, domin mahaifina sana'arsa ke nan, a hannunsa na koya. Abokan aiki suna yi mini dariya wai na mayar da babur ƙwaryar nono, amma ban san wani mai yin irinsa a garin nan ba.

Yayan matata ma'aikacin allurar dabbobi ne, da irin wannan babur yake zagaya ƙauyuka. Kafin azumi ya faɗi da shi murfin gefe ya tsage, ni na ɗinke masa, har yana tsokanata wai sai na ƙara masa faifai. Yau sati bakwai ke nan ya fita aiki bai dawo ba. Ba a ga shi ba, ba a ga babur ba, ba kuma wanda ya kira ya nemi wani abu. Surukata, Inna, ta rame ta lalace, kullum tana hanyar Hubbare da sadaka. Matata kuwa wayarta ko banɗaki da ita take shiga.

Shekaranjiya Litinin da hantsi wani Alhaji mai sayar da hatsi, tsohon kwastomana, ya zo da babur a bayan mota. Ba lamba, an liƙa masa sababbin sitika, gefen hagu duk ya ƙarje kamar an ja shi a ƙasa da nisa. Ya ce saye ya yi, yana son in mayar da shi sabo. Mutumin nan ya san mu, ya zo jaje gidan Inna, tabarma ɗaya muka zauna da shi, shi ya ja mana addu'a ma. Ban kawo komai a raina ba na kama aiki, shi kuma ya zauna a benci yana waya. Na cinye kusan rabin ƙarjewar da samfefa kafin in kwance murfin gefe don in ji daɗin gogewa. Ina juya shi sai ga ɗinkina. Wayata ce, ƙullina ne, har inda wayar ta ƙare mini na haɗa da wata mai kauri ranar da na ɗinke wa yayan matata. Kusa da wurin akwai wani ɗan rami zagayayye da aka toshe da gam, kuma na daɗe a sana'ar nan, na san dutse ba ya huda roba haka, sai dai harsashi.

Kuskuren da na yi shi ne na tsaya riƙe da murfin kamar an dasa ni. Ko da na ɗago Alhaji ya ajiye wayarsa yana kallona. Ya taso ya karɓi murfin, ya shafa ɗinkin da yatsa, ya ce, "Malam, wanga ɗinki kai ɗai ka yin shi duk Sakkwato, ko?" Na ce haka ne Alhaji. Ya yi murmushi ya ce in warware shi in narke wurin ya shafe, ba ya son tsohon gyara a jikin kayansa. Da zai shiga mota ya juyo ya ce, "Hal yanzu kana Minanata, gidan mai shuɗiyar ƙohwa? A gaishe min da ɗiyan." Wallahi ban taɓa gaya masa inda nake zaune ba. Ya ce Juma'a bayan an sauko masallaci zai aiko a ɗauka.

Tun ranar ban ƙara taɓa babur ɗin ba, na lulluɓe shi da tamfol a cikin shago. Jiya da yau akwai wani mutum da ke wuni a teburin mai shayin da ke kallon shagona, kofi ɗaya tun safe har la'asar. Wataƙila tsoro ne ke nuna mini abin da babu, ban sani ba.

Na gaya wa yayana da muke uwa ɗaya uba ɗaya, shi kaɗai, muka kusa ɓatawa. Shi a ganinsa in gama aikin in yi shiru, wai ina da yara uku, kuma mai yiwuwa Alhaji saye ya yi da gaske bai san komai ba. Na ce in bai san komai ba me ya kawo zancen ƙofar gidana. Ya ce to in na kai ƙara wa ya tabbatar mini maganar ba za ta riga ni isa kunnen Alhaji ba, kuma in yayan matata yana raye a hannun wasu, surutuna ne zai sa a gama da shi. Sai na tashi na bar masa wurin.

Matata ba ta sani ba. Jiya ta ga na kasa cin tuwo ta tambaye ni, na ce ciwon kai ne. Ta kawo mini magani, ta zauna kusa da ni tana cewa jikinta yana ba ta yayanta yana nan da rai, in dai da za a samu ko alama guda ta inda ya bi. Na haɗiye maganin ina kallon ƙasa, kunya da tsoro kamar su kashe ni.

Alamar da take roƙon Allah ya nuna mata tana cikin shagona ƙarƙashin tamfol, rabinta ma ni na goge da hannuna. Warware ɗinkin nan ba zai ɗauke ni minti goma ba, daga nan babu mai iya cewa babur ɗin na wane ne har abada. Jama'a in warware in tsira da yarana, in ci gaba da kallon matata da Inna suna jira? Ko in ɗauki murfin in kai inda ya dace, alhali mutumin ya san launin ƙofar gidana? Ko matata zan fara gaya wa? Don Allah wanda zai ba ni shawara ya ba ni yau, jibi za a zo ɗauka.