Kunnen Gauraka

Zuwa ga 'yata, uwar yaran da suka hana ni sakat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki. Ya aikin asibiti, ya tsayuwa? Ni dai gwiwa ce ta ce ba inda za ta, sauran jiki alhamdu lillahi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun direba. Wayata a hannun Auta take rayuwa, ita ke buɗe min, ita ke danna min, kuma duk abin da na faɗa a ciki sai ta ji. Maganar nan kuwa ba ta kunnenta ba ce.

Kin tuna fim ɗin Gauraka, mutumin nan mai tashi sama da mayafi a baya, fuska a rufe, yana kama miyagu? Wanda Auta ta lilliƙa hotunansa a bango har ba a ganin fenti? To za a yi kashi na biyu. Wanda ya fito a na farko, mai faɗin ƙirjin nan, ya ce ya gaji da a rataye shi a igiya, ya ajiye. Kamfanin suka ɗauki sabo, suka saki hotonsa cikin kayan, suka ɓoye sunan wai sai ranar da za su tara 'yan jarida. Abin rufe fuskar ya cinye komai, haɓa da kunnuwa kawai ya bari.

Auta ta kawo min hoton a waya don in taya ta tsaki. Ina dubawa sai na ga kunnuwan babanki, Allah ya jiƙansa. Kunnuwan nan masu tsayawa kamar hannun tukunya. Na yi zaman aure da su, ba zan ɓata su ba ko a taron kasuwa. Na ɗaga kai na dubi yayanta Shiru, sai na ga ya tura fuska cikin kofin shayi kamar zai shige. Da ta fita na ritsa shi a kicin, bai ko wahalar da ni ba. Shi ne. Ɗanki, wanda muke cewa yana can yana jan wayar fitila a wurin 'yan fim. Wai ya sa hannu a yarjejeniya, in maganar ta fita kafin lokaci za a karɓe aikin. Ya rantsar da ni kada in faɗa wa kowa. Ke ba kowa ba ce, ke kika haife shi.

Inda gizo... a'a, bari in faɗa miki kai tsaye. Auta ce shugabar masu zagin. Tana da shafi na masoya Gauraka na farko, mutane birjik, kuma ita ta fara tara sunaye wai sai an cire sabon. Kullum aka zauna cin abinci sai ta jingina waya da kwalbar ruwa ta riƙa karanto mana. Wannan ya ce kafaɗarsa kamar maratayin riga. Wancan ya ce an ba ɗan tsako kayan gauraka. Wata ta ce kamfani ya huta da ɗinka mayafi, da kunne zai tashi. Allah ya yafe min, wannan ɗin ya ba ni dariya, sai da na fake da tari. Shi kuwa yana gefe yana juya cokali, har yana miƙo mata gishiri.

Za ki ce ya aka yi ba ta gane ba. Tun yana makaranta yake jan hula ya rufe kunnuwan nan, ita kuma yaushe rabonta da ɗaga kai daga waya ta dubi wani a gidan nan?

Na gaji, 'yar nan. Ki gaida maigidan.

Taki,
Inna.

*

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki, da fatan murar da kika ce ta kama shi ta sake shi. Amsarki ta iso, har da man shafawa, Allah ya yi albarka. Gwiwar ta gode, amma ba ta ce za ta tafi ba.

Kin ce in zaunar da Auta in faɗa mata kawai. Daga nesa abin da sauƙi. Kin manta bakin 'yarki? Yarinyar da in ta ga ƙadangare ya faɗo daga katanga sai duniya ta ji kafin ya miƙe? Ga kuma rantsuwar da na yi. Tsufa ya kawo ni inda ba na wasa da ita.

Abin ya wuce gidanmu yanzu. Na fita sayen sabulu, mai shago da mai aski suna ta musu a bakin titi, mai shago na cewa sabon ba zai iya ɗaga ko kujera ba, mai aski na cewa a bari a gani. Mai gyaran famfo ya zo, kansa na ƙarƙashin wurin wanke-wanke, amma yana ba Auta shawarar wanda ya kamata a ɗauka, wani wai mai wuya kamar turmi. Ni da ban taɓa kai fim ɗin ƙarshe ba, barci ke ɗauke ni tun kafin mutumin ya tashi sama, ga ni a tsakiyar rigimarsa.

Ba na ganin laifinta gaba ɗaya. Lokacin da aiki ya ɗauke ki daga nan, fim ɗin nan ta riƙa kallo tana maimaitawa, ta naɗe a kujera da zanen da kika bari. Ita a wurinta an taɓa mata wani abu ne. Sai dai ba ta san naman wa take yanka ba.

Shiru ya rame. Wandonsa har ya fara neman igiya. Shekaranjiya da hantsi na tura ƙofar banɗaki, na same shi gaban madubi ya manne kunnuwansa da filasta, yana juya kai hagu da dama. Da ya ɓare har da fata. Na ce masa maigidana, kakanka da waɗannan kunnuwan ya sace zuciyata, kai kuma kana neman kashe su? Da can zai yi dariya ya ce in bar shi, na yi masa tsufa. Wannan karon ko murmushi. Ya zauna a bakin baho ya ce daraktan na tare da shi, amma manyan kamfanin sun fara jin tsoron surutun, har sun tambaye shi ko zai iya ɗaukar zagin. Ya ce na waje ba su dame shi ba sosai, amma in ya sa kayan aka ɗaga shi a igiya, muryar Auta yake ji tana karantowa. Ya yanke shawara zai mayar musu da kayansu ya koma jan wayarsa, tun ba a faɗi sunansa ba. Wai ta haka ba wanda zai ji kunya, har ita.

Kin san tun yana ƙarami yake son abin nan. Shi ke ɗaura tawul a wuya yana dirowa daga kan gado, ni ke shafa masa magani. An ba shi sau ɗaya, ban ga alamar za a sake ba.

Na kwana biyu ina juya rantsuwar nan a raina. Na ce ba zan faɗa ba. Ban tuna na ce ba zan yi tambaya ba.

Ki yi mana addu'a.

Mahaifiyarki,
Inna mai gwiwa.

*

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya, kuma marasa lafiyarku suna samun sauƙi. Mu nan da sauran numfashi.

Ranar da Shiru ya ce zai mayar da kaya, ya naɗe su cikin jaka ya ajiye a bakin ƙofa, ya tsaya ɗaura takalmi. Auta na falo tana shirya sabon hoto, ta zagaye kunnuwan da jan layi za ta saki. Na zauna kusa da ita na ce ni fa har yau ban ga kunnen da ake ta magana ba, tabarau ya ɓace min. Ina zaune a kansa ne, har ya ɗan lanƙwashe. Ta ja hoton da yatsu ya girma. Na ce ƙara, idon tsohuwa ne. Ta ƙara. Na ce na hagun nake so, daga sama. Ta ƙara har kunnen ya cika wayar.

Kin san abin da ke wurin. Ɗan giɓin nan, da tabon ɗinki a gefensa. Ranar da ya goya ta a wuya ya ƙi sauke ta, ta kafa masa haƙoranta sababbi, kika ɗinke da kanki a kan teburin cin abinci yana ihu. Ba yaron da ke gidan nan da ba a ba shi labarin ba, ita kuwa har alfahari take da shi.

Na ce ikon Allah, ashe wannan bawan Allah ma an taɓa cizonsa, ko wace mara kunya ce?

Ta daɗe tana kallo. Sai ta ajiye wayar, wadda ko wanka da ita take shiga, ta nufi ƙofa, ta miƙa hannu ta cire masa hula. Bai hana ta ba. Ta dubi kunnen, ta dubi jakar, ta gane inda za shi. Sai ta zauna a kan jakar daram. Ya ce ta tashi zai makara. Ta ce in shi Gauraka ne ya tashi sama ya wuce. Ya ce ai ita ta ce a cire shi, ga shi zai cire kansa, me kuma take so? Ta ce wancan wani ne ta ce a cire. Daga nan sai kuka, da majina, da Yaya me ya sa ba ka faɗa min ba. Ya juyo ya harare ni. Na ce ni me na ce? Tabarau na ɓatar.

Kada ki ɗauka an huta. Ta goge tara sunayen, kuma ba ta da damar faɗin dalili, don ita ma ya rantsar da ita. Mutanenta suka juyo kanta, wai an saye ta, wai ta ci amana. Waɗanda take kira ƙawaye sun watse, jiya ta wuni a ɗaki ido a kumbure. Zagin sabon Gauraka kuwa yana nan yadda yake, mai aski ma ya koma ɓangaren mai shago. Ban san me manyan kamfanin za su yanke ba. Abin da na sani, washegari Shiru ya ɗauki jakarsa ya tafi aiki, hular na rataye a ƙusa har yanzu.

Kuma kada ki ce ta tuba. Har yau tana nan a kan cewa na farkon ya fi shi kafaɗa. Ta cika jarkoki da ruwa ta jera a tsakar gida, kullum da safe tana tsaye a kansa yana ɗagawa, tana cewa ƙara, ba za ka ja mana abin kunya ba. Shi yana nishi, ita tana tsawa, ni ina neman inda zan sa kaina. Abincin dai ya koma ci, har yana neman ƙari.

Ki samu hutu ki zo ki karɓe ni, ko na ɗan lokaci ne. Ki taho da wani man, da sabon tabarau. Sannan ki shirya jin naki rabon, don na duba da kyau da aka girmama hoton: ɗinkin nan naki ya karkace, kuma in Allah ya yarda duk duniya za ta gan shi, ƙato, a jikin bango.

Taki har kullum,
Inna.